Icen Shanya a Babin Ƙarshe

Beryl Hepworth kam duk garin Hornsea na yankin Yorkshire a Ingila ba wanda bai san ta ba, in ma ba ka san sunanta ba to ka ci kifinta, don tun tana budurwa take tsaye gaban kaskon mai a shagon suya na bakin teku, aka sayar da shagon aka sake sayarwa, masu shi suna canjawa ita tana nan, sai da gwiwa ta ce ta gaji sannan ta ajiye. Hannunta duk tabon mai ne, ɗigo-ɗigo har sama, kuma ba ta ɓoyewa, in ka kalla ma sai ta ƙara naɗe hannun riga. Mijinta Stan ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana can Ostareliya sai waya ran Kirsimeti. To me ya rage mata? Littafin 'yan sanda da Noreen. Shi ke nan, ba na uku.

Littafin ma ba kowanne ba. Na Amurka ko taɓawa ba ta yi, wai kowa da bindiga, kafin ka riƙe sunan mutum an harbe shi. Ita na gida take so, inda za a tsinci gawa ɗaya tal a bayan rumbun kifi, sai a yi ta bin gida-gida ana ƙwanƙwasa ƙofa ana tambayar tsofaffi me suka gani, ruwa yana zuba, shayi yana hucewa a mota, babban oga yana ta masifa wai an cika jan ƙafa. Ta ce haka aiki yake, tsayuwa ce da haƙuri, irin suya, in ka yi gaggawa ciki ɗanye. Akwai wata marubuciya da suke bi ita da Noreen, duk shekara sai ta fitar da sabo, kuma kullum mutum biyu ne a ciki, Sufeto Hardisty, mace ce mai baƙin rai ba ta dariya, da Saje Mossop, tsoho mai tumbi da ciwon gwiwa, shi yake tuƙa ta, shi yake tuna mata ta ci abinci, shi yake ba mutane haƙuri in ta gama yi musu tsawa. Beryl in tana maganar Mossop sai ka rantse maƙwabcinta ne.

Noreen Sugden kuwa ƙawarta ce tun yaransu suna firamare, 'yar siririya ga surutu, a kicin ɗin makaranta ta yi aiki har ta gama. Kuma tana da wani mugun hali a da, in ta karɓi littafi sai ta fara leƙa ƙarshe. Ran da Beryl ta kama ta suna tsakar gida ana shanya, ba ta yi wata-wata ba ta zaro ɗan icen nan mai baki biyu da ake danne wanki da shi a igiya, ta tattara babin ƙarshe gaba ɗaya ta datse shi da icen, ta ce daga yau ba mai cirewa sai muna tare. To ka ji mafarin abin, yau shekara talatin da wani abu. Motar laburare mai yawo da littattafan aro tana zuwa ran Talata, direban ya san su, kullum zai ajiye musu guda biyu iri ɗaya, a nan cikin motar kowacce za ta datse nata a gaban 'yar'uwarta. Duk Juma'a Beryl ta sayo kifi da dankali ta tafi gidan Noreen, ta zauna a koriyar kujerar nan ta kusa da wuta, su ci su yi ta gardama. Juma'ar ƙarshe kowacce ta faɗi wanda take zargi da dalilinta, sai a cire ice tare, Noreen ta karanta da ƙarfi, wadda ba ta canka daidai ba ita ce da wanke-wanke. Kuma kusan kullum Noreen ce a gaban famfo, tana wanki tana cewa, “Ke Beryl ɓata ki aka yi a suya, da kin shiga ɗan sanda da yanzu ba ɓarawo a Yorkshire.” Wannan maganar ita Beryl take ɗauka ta tafi da ita gida ta yi mako tana jin daɗi.

Sai ga Clifford Oddy.

Daga birnin Leeds ya taso, takalma ya yi ta sayarwa har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya zo ya kama ɗan gidan da ke kallon na Noreen. Mutum ne fes-fes, kullum da nakatayi ɗaure a wuya ko shara zai zubar, ga ƙamshi, ga “ranki ya daɗe” a baki. Ran wata Talata Beryl ta hau motar laburare da kyar tana dafe da gwiwa, sai ta ga direba ya ajiye littafi uku. Uku! Ta ce kai yaro ka yi kuskure. Kafin ya amsa sai ga Noreen ta shigo tana dariya da jan baki, jan baki fa ran Talata da safe, mutumin yana biye da ita riƙe da jakarta.

“Beryl ga Clifford, shi ma ɗan gari ne a harkar, na ce ya zo mu zama uku.”

“Sannu Mista Oddy.”

“Clifford kawai ya isa, ranki ya daɗe.”

“Na ji, Mista Oddy.”

Abin da ya fi ci mata rai ma ba wannan ba ne. Noreen ta sa hannu a aljihu ta ciro icen shanya ta ba shi, kuma ba na roba ba irin na shagon kan layi, na katako, cikin tsofaffin nan na mahaifiyarta da ta taɓa cewa ko Beryl ba za ta ara wa ba in ba na littafi ba. Har ta kama hannunsa tana nuna masa inda zai datse. Beryl ta tsaya tana kallo, ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji kamar ta haɗiye dankali da zafi.

Ta koma gida ta buɗe littafin don ta huce, ashe nan ma an shirya mata. Gawa dai an tsinta, wani mai awon kifi ne a tashar jiragen ruwa, an buga masa abu a ƙeya. Amma tun babi na biyu aka turo wani sabon yaro, Kofur Lumley, mai digiri, gashi a kwance, ya iya danna na'ura, sai ga Sufeto Hardisty ta miƙa masa makullin mota! Mossop kuma aka ce ya zauna a ofis ya yi ta kallon hotunan kyamarar titi. Beryl ta rufe littafin ta buga a tebur ta ce da bango, “Butulu! Wa ya kai ki asibiti ran da aka fasa miki kai? Wa ya san ba kya shan suga?” Ta sake buɗewa. Duk inda Lumley ya yi magana sai ta ja tsaki, duk inda aka nuno Mossop shi kaɗai yana cin burodinsa a gaban talabijin sai ta tsaya ta goge tabarau.

Juma'a ta farko ta iso da kifi uku don kar a ce ta yi rowa, ta tura ƙofa, wa za ta gani a koriyar kujera? Ya miƙe ƙafa har ya cire takalmi. Ya dai yi kamar zai tashi, Noreen ta ce a'a zauna abinka, bayansa ne ke ciwo Beryl, ga ta katako nan. Ta zauna a ta katako, gwiwa tana zugi. Shi kuma har da kek ɗin lemo ya gasa da kansa wai.

“To me kuka gani?” in ji Noreen. Kuka fa, ba kika ba.

“Ni yaron nan Lumley ya burge ni,” in ji Clifford, “an daɗe ana buƙatar sabon jini, tsohon nan ya gaji.”

“Tsohon nan yana da suna.”

“Au, Mossop.”

“Saje Mossop. Kuma shi Lumley ɗin naka shi ya yi kisan.”

Noreen ta ƙyalƙyale da dariya har dankali ya faɗo daga bakinta. “Ke tsohuwa kin fara ruɗewa? Ran da aka yi kisan yana London wurin horo, shafi guda aka yi ana faɗa!”

“Jirgin ƙasa ya ƙare ne? Duk wanda ya shigo wuri yana murmushi da yawa, yana yabon labule, yana kawo kek, a bincike shi.”

“Ai Lumley bai kawo kek ba,” in ji Clifford a hankali.

“Zai kawo.”

Haka aka yi ta yi. Ita da ta saba bin zance dalla-dalla, wa ya ce yana ina, wa ya canja magana, wannan karon ba ta ganin kowa sai Lumley. Likitan dabbobi ya yi ƙarya, ba ta kula ba. Matar mamacin ta ƙona riga, ko a jikinta. Mai kai madara ya wuce ta gaban kyamara da asuba, ta ce aikinsa ne. Kuma ta san tana ɓata, ta sani sarai, ta san in aka cire ice ita za ta tsaya gaban famfo tana wanke farantin Mista Oddy, shi yana koriyar kujera, Noreen tana gaya masa ɓata shi aka yi a takalma. Wannan hoton shi ya hana ta sakat.

Ran Alhamis da rana, ana gobe Juma'ar ƙarshe, ta kai bakin ice. Babin da ya rage a buɗe ya ƙare ne Mossop ya sa kwat ɗinsa ya fita daga ofis ba wanda ya ɗago kai. Ta ajiye littafin a tebur ta je ta share kicin, ta dawo. Ta kwashe shanya, ta dawo. Ta dafa shayi ta manta da shi. Ta ce a ranta ba mai kisan nake nema ba, ni dai in ga ko Sufeto za ta bi shi, layi ɗaya kawai, in na ga sunansa na rufe. Ta ja labule kamar wani zai hango ta daga teku, ta matsa icen, ya buɗe baki ya saki takardun, har ya bar musu ɗan rami.

Wane layi ɗaya! Sai da ta kai bango. Mai kai madara ne ya yi kisan, ashe uba ɗaya suke da mamacin, uban ya riƙe ɗaya ya yi kamar bai san ɗayan ba, kuma ba a taɓa ko nuna alamar haka ba sai a nan ƙarshe da ya fashe da kuka a ɗakin tambayoyi. Lumley wankakke ne tas, har oga ya yaba masa. Mossop fa? Rabin shafi. An yi masa ritaya, an yanka masa kek, an ba shi agogon bango, Sufeto ta ce masa a kula da gwiwa, wayarta ta yi ƙara ta fita. A motar haya ya koma gida da agogonsa a cinya. Beryl ta ce wannan marubuciyar ba ta taɓa tsayuwa a bayan kowa ba a rayuwarta, da ta taɓa da ba ta yi haka ba. Ta mayar da icen daidai cikin raminsa. Kunya ta ɗan taso mata, ta danne, ta ce to tunda an riga an yi, gobe sai ta ce mai madara, ta haɗa dalilai daga kyamara, a ga wanda zai yi wanke-wanke.

Juma'a aka ci kifi, aka jera littafi uku a tebur kowanne da icensa. Noreen ta ce baƙo ya fara. Clifford ya goge baki da hankici, ya gyara nakatayi, ya ɗan kalli sama kamar mai tunani.

“Ni dai mai kai madara nake zargi.”

Beryl ta ajiye dankalin da ke hannunta.

“Kai haba!” in ji Noreen. “Wannan bawan Allah? Ni likitan dabbobi na riƙe. Me ya yi maka?”

“Kyamara ta gan shi. Kuma ni raina yana ba ni akwai jini a tsakaninsu. Kamar dai uba ɗaya suke, uban ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya. Irin wannan ciwon ba ya warkewa.”

Noreen ta tafa hannu ta riƙe haɓa. “Clifford! Ina ka samo wannan? Kai in haka ta tabbata ɓata ka aka yi a—”

Ba ta ƙarasa ba amma Beryl ta ji sauran. Kuma ta sani, ita kaɗai a ɗakin ta sani, maganar uba ɗaya babu ita ko'ina sai a ƙarƙashin ice. Ya leƙa! Ɓarawo ne da nakatayi! To amma ta yaya za ta ce ta sani? In ta yi shiru ta ce ita ma mai madara, sun yi kunnen doki, ba wanke-wanke, asirinta a rufe. In ta buɗe baki ta kama shi ta kama kanta. Ta kalli kifinta, ta kalli ice, ta ce a ranta yi shiru Beryl, yi shiru. Sai ta ɗago ta ga yadda Noreen take kallonsa, ido yana ƙyalli, irin kallon da shekara da shekaru nata ne ita kaɗai.

“Ƙarya yake! Ya cire ice!”

“Ranki ya daɗe—”

“Kar ka ranki-ya-daɗe ni! Raina yana ba ni, raina yana ba ni, ranka ne ya gaya maka shafin da mutumin ya yi kuka a ɗakin tambayoyi ya ce uba ɗaya muke? Ba a faɗe ta ko'ina ba sai can, na duba!”

Clifford ya yi ja har kunne. Noreen ta juyo a hankali, ba wurinsa ba.

“Kin duba.”

“Noreen, tsaya ki ji—”

“Kin duba, Beryl Hepworth. Ke! Ke da kika fizge min littafi a tsakar gida kika kira ni maras haƙuri a gaban maƙwabta! Shekara nawa ina kwana da littafi a gefen gado hannuna yana ƙaiƙayi ban taɓa ba don ke? Ran da aka yi min aikin ido ina kwance ba abin yi, ban cire ba! Ran jana'izar Stan ɗinki saura babi ɗaya, wata guda na jira ki, ban cire ba! Yanzu kun gaya min wanda ya yi, ku biyu, a ɗakina, kan kifina!”

“Ni na sayo kifin.”

“Rufe min baki!”

“Ba don mai kisan na buɗe ba,” Beryl ta ce. “So nake in ga ko Sufeto za ta koma wa Mossop. Duk shekarun nan yana tuƙa ta, daga zuwan wani mai gashi a kwance sai a ce ga kujerar katako can.”

“Ai ba kujerar katako a littafin,” in ji Clifford.

“Kai yi shiru,” suka ce tare.

Noreen ta tsaya tana kallonta, ta kalli koriyar kujera, ta kalli ta katako, bakinta ya ɗan motsa. Can ta ce, “To ta koma?” Kafin Beryl ta buɗe baki ta toshe kunne da hannu biyu. “Kar ki faɗa! Kar ki kuskura! Shi kaɗai ya rage min! Ku fita. Clifford ɗauki kek ɗinka, sai an jima. Ke kuma maciya amana, tsohuwar banza mai kishin tsiya, kin girma kin tsufa ba ki da hankali ko na kaza, wa ya ce miki in mutum ya ci kek ya daina cin kifi?” Haka ta bi ta da faɗa har ƙofa, har kan matakala, ta rufo ƙofar garam.

Suka tsaya a waje ana yayyafi, shi da faranti ita da jaka. Clifford ya yi gyaran murya ya ce shi fa tun yana yaro haka yake, in bai san ƙarshe ba cikinsa murɗawa yake, tun a ran Talatar farko ya karanta.

“Matsoraci,” in ji Beryl.

“Na yarda. Amma ni ai na samu sauƙi, sai an jima kawai aka ce min. Ke kika sha ta.”

Beryl ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ta tsaya. Sai an jima. Abin da ya samu ke nan, irin sallamar mai karanta mitar wuta. Ita kuwa an tono aikin ido, an tono jana'izar Stan, an kira ta da cikakken sunanta, an raka ta da zagi har matakala. Ta ji wani sanyi ya sauko mata a ƙirji inda dankalin nan ya tokare tun waccan Talatar.

“Eh,” ta ce, “ni na sha ta.” Har da ɗan murmushi.

Sai taga ta buɗe a sama, Noreen ta leƙo, jan bakin duk ya goge. “Daga yau littafi a gidana zai kwana, a kabad, da makulli! A nan za ku karanta ina kallonku kamar 'yan firamare! Kuma wanke-wanken yau yana jiran ku Juma'a, ba zan taɓa ba!”

“Kujerar fa?” Beryl ta ɗaga murya.

“Kujerata ce! Wanda ya riga zuwa ya zauna!”

Taga ta rufe.

Juma'ar da ta biyo shagon suya ko gama ɗumama mai bai yi ba Beryl tana bakin kantar shagon tana gaya wa yarinyar da ke suya yadda ake juya kifi. Ta karɓa ta fito, tana shan kwanar layin Noreen sai ta hango ƙofar gidan da ke kallo ta buɗe, ga nakatayi, ga faranti an rufe da tsumma. Suka haɗa ido. Ya ɗan ɗaga hula, ya ƙara sauri. Beryl ta rungume kifinta a ƙirji ta ce da gwiwarta yau kam ko ki mutu ko ki yi, ta sheƙa a guje, jaka tana dukan ƙugu, tana haki tana kiran Noreen buɗe, buɗe, ni ce, ni na riga!